Sunan Pan Ludwik na Gaskiya

"A hankali, Pani Wiesia, ni ba buhun dankali ba ne," in ji tsoho Pan Ludwik; a nan Pan da Pani ake cewa, kamar Malam da Malama.

Wiesia ta gyara masa matashi. Yanzu ta taso daga aiki, ƙafafunta sun kumbura, amma duk benen nan na unguwar Praga babu mai leƙa tsohon sai ita. Sauran maƙwabta kullum "gobe" suke cewa.

A matakala wani saurayi yana ɗaga murya a waya: "Szmal nake so, ba surutu ba!"

Pan Ludwik ya runtse ido.

"Ji shi. Kuɗi yake nufi, bai san abin da ke bakinsa ba. Daga szmalec kalmar ta fito, wato kitse. Lokacin yaƙin duniya na biyu, masu farautar Yahudawan da suka ɓuya sai su tare mutum a lungu su ce, ba mu kitse ko mu kira Jamusawa. Uwata ta ba su zobe. Ta ba su rigar sanyi. Ran da ba ta da abin bayarwa, ba ta dawo ba."

Wiesia ta ajiye cokali.

"Ludwik sunan aro ne," ya ce. "Lejb aka raɗa mini, sunanmu na Yahudawa. In na tafi, a sa shi a takardar rasuwar da ake mannawa a ƙofa. Ko sau ɗaya a karanta shi."

"Sha miyarka tukuna, sarkin gaggawa."

Bai ga ƙarshen makon ba.

Pan Bogdan, mai kula da benen, shi ya manna takardar: Ludwik Sarnecki, da gicciyen Kiristoci a sama.

"Haba Pani," ya ce da Wiesia ta tare shi kan rashin sa sunan Lejb, "mutum ya tsufa yana Ludwik, mene ne na tone-tone? 'Yan iska za su zo su ɓata mana bango. A bar shi ya huta."

"Shi zai huta ko ku?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya koma kan tsintsiyarsa.

Wiesia ta dubi takardar. Ta gaji da aiki, ta gaji da mutanen da ba sa son a taɓa komai. Ta lalubo biro a jaka, ta danne takardar da tafin hannu, ta rubuta Lejb a ƙarƙashin sunan, ta sake bi don ya fito sosai.

Yayyafi ya fara. Wata mata ɗauke da burodi ta tsaya a bayanta, tana karantawa, leɓɓanta na motsi.