Na'urar Waƙar Baba

Yaya ya dire 'yar na'urar a kan teburin falo kamar wanda ya kama ɓera da wutsiya.

"Auta, ki jona ta da kwamfutarki ki goge duk abin da ke ciki. Yau ɗin nan."

Na'urar jin waƙa ce ta Babanmu, ba ta fi kwalin ashana ba, duk fentinta ya koɗe. Shekara talatin Baba ya yi yana jan babbar mota, goman ƙarshe da ita a aljihun gaba. Wata takwas ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke ɗif. Tun daga lokacin, in an zaunar da shi a kujerarsa ta bakin taga, sai ya yi ta nuna aljihu da hannunsa mai lafiya har sai an saƙala masa abin kunne.

"Me ta yi maka?" na ce.

"Jiya surukaina suka zo dubiya, suka tarar da tsoho mai shekara saba'in yana kaɗa kai da waƙar soyayya. Kamar ƙasa ta tsage in shige. Ki cika masa ita da wa'azi."

Yayan nan nawa tun muna yara haka yake, bakinsa bai san shawara ba, sai yanke hukunci. Ni kuwa a gidan nan an san ni da taurin kai, kuma ban taɓa musawa ba.

"Wa'azi zan sa masa, Yaya, akwai wuri. Amma ba abin da zan goge."

"Za ki goge."

Na yi banza da shi na tafi neman wayar jonawa. Bakin na'urar irin na da ne, duk wayoyin cajin gidan ba wadda ta shiga. Sai a gwangwanin kayan gyaran motar Baba na tsinci tata, a naɗe da kyauron roba, tana warin baƙin mai. Na goge ta da gefen zani, na soka baki ɗaya a na'urar, ɗayan a kwamfutar da nake buga takardun ofis da ita. Shiru. Na zare, na hura ramin, na mayar. Kwamfutar ta yi ƙara, sunayen waƙoƙi suka jero, arba'in da 'yan kai.

Baba yana kallonmu daga kujerarsa. Ya yi wani gurnani, yana miƙo hannu.

"Kin gani ko? Har ta zame masa jaraba," in ji Yaya. "Zaɓi duka ki danna."

"Ka tambaye shi? Tasa ce fa."

"Ta ina zai ba ni amsa?"

Wannan maganar ce ta ƙona min rai. Mutum yana zaune yana jin ka, kana magana a kansa kamar kujerar da yake kai. Yaya ya sunkuyo, shi da kansa ya zaɓi duka ya danna gogewa. Allah ya so kwamfuta ba ta da gaggawarsa, ta tsaya tana tambaya ko an tabbata. Na fizge ta na ɗora a cinya.

"Wallahi sai dai ka karya min hannu."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Kai ɗin fa, Yaya."

Na soke umarnin. A nan idona ya kai can ƙasan jerin, kan wani abu da ba shi da sunan waƙa, sai lamba da kwanan wata na shekara shida baya. Minti biyu ne kacal. Don in ƙara ba shi haushi na danna, na ƙure murya.

Ƙarar famfo ta fara fitowa, da karon kwanuka. Sai wata mace tana rera waƙa can ƙasa-ƙasa, tana cinye rabin baitin, inda ta manta ta cike da hanci.

Mama ce. Shekararta biyar a ƙasa.

Waƙar ta katse. "Kai, me kake nuno min? Ɗauka kake yi? Kashe abin nan, don Allah!"

Sai dariyar namiji, mai kauri, irin wadda take cika gida. Muryar da wata takwas ba mu ji ba.

"Ba zan kashe ba," in ji Baba.

"Sai na watsa maka ruwan kumfa!"

"Watsa. Ba zan kashe ba."

Abin ya ƙare. Ni dai kuka nake yi, ban ma ɓoye ba. Baba ya rufe ido, yatsunsa na hannun hagu suna bugun hannun kujera, daidai da waƙar da ta riga ta tsaya. Ashe ba mawaƙa yake kaɗa wa kai ba.

Na zaɓi duka da hannuna, na danna gogewa, tambayar ta sake fitowa. Na juya kwamfutar na tura ta gaban Yaya.

"Ga shi nan. Dannawa ɗaya ce. Amma ka kalli idonsa tukuna."

Yaya bai kalli kwamfutar ba, bai kalli Baba ba, sai ƙasa.  Can ya durƙusa a gefen kujerar, ya ce, "Auta, maimaita."

Na soke umarnin, na zare wayar, na kunna a na'urar kanta. Abin kunne ɗaya na saƙala wa Baba, ɗayan na miƙa wa Yaya. Wayar abin kunnen gajera ce, dole ya matsa har kansa ya taɓa kafaɗar tsohon.