Gwangwalar da Aka Bari a Gaɓa

Ni dai ban ce wa kowa ya shiga jirgin nan ba. Abin da na faɗa a bakin famfo shi ne duk wadda ta shiga za a gan ta a waya har Makka, kuma mata uku kacal na faɗa wa. To, kun san matan Guri.

Bushira ce ta kawo shi, 'yar marigayi Malam Haris, wadda na sha goyawa. Yanzu muryarta ake ji a rediyo kowane hantsi, ga injin casar shinkafa ta kafa a Haɗeja. Bara da ambaliya ta cinye hanya, wata mai naƙuda ta rasu a kan amalanke. Shi ne bana ta sayo kwale-kwale mai inji don kai masu ciki asibiti.

Ranar gwaji, Usaini masunci, wanda aka ba tuƙi, ya saka gwangwalar da yake tunkuɗa jirgi da ita. Mai ɗaukar hoto ya ce tsohuwar sandar nan za ta ɓata masa aiki.

"Hajiya, ciyawar kacala ba ruwanta da inji," in ji Usaini.

"Baba, yanzu za mu dawo," Bushira ta ce.

Aka bar ta a gaɓa. Jirgin mutum goma, mu ashirin muka dunguma, har da jikata Mairam da cikinta wata takwas. Ni na jawo hannunta.

Mun yi nisa da gari sai injin ya yi tari ya mutu. Kacala ta nannaɗe farfela. Ruwa ya fara jan mu sannu a hankali zuwa inda ya fasa jinga, wurin da yake juyawa kamar ana dama fura. Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai wuce yatsa huɗu ba.

"Kada wadda ta motsa," Usaini ya ce, can ƙasa-ƙasa. "Ko tari ne ki haɗiye."

Ruwan da ke shigowa jirgin ya kai mana idon sawu. Na cire ɗankwalina ina tsomawa ina matsewa waje, kamar zai yi wani abu. Mairam ta dafe mararta.

"Iya, yana motsi."

"Bar shi, shi ba a hana shi ba," na ce. Me zan faɗa wa uwarta?

Ashe duk wannan lokacin wayar Bushira na haɗe da gidan rediyo, duniya na jin mu. Ta kai ta baki.

"Masuntan Guri, Bushira ce. Muna gabas da tsohuwar jinga. Ni na sa aka bar gwangwala. Akwai mai ciki a cikinmu."

Ba abin da muke ji sai ƙugin ruwan nan da yake ta matsowa.

Can kacala ta fara motsi. Masunta ne, kowa kife a kan goransa yana iyo, na gaba da gwangwalar Usaini ɗaure a ƙugu. Ba sa rabuwa da rediyo ko a wurin kamun kifi. Usaini ya cafe gwangwalar ya kafa a laka, sandar ta lanƙwashe har na ji tana ƙara. Jirgin ya tsaya.

Bayan mako uku jirgin nan ya kai Mairam asibiti, gwangwala na kwance a gefenta. Ni an hana ni shiga.