Minti Ɗaya na Shirun Falon Mama

A ɗakin haɗa sauti Kunnuwa ake ce masa, don mutum ne da zai tsayar da aiki cak ya ce akwai sauro a bayan jarumi, a ƙara murya kuma a ji sauron yana abinsa. Shi ya sa abin ya yi masa ciwo da gidan talabijin ya dawo masa da kashi na tara na shirinsu har sau biyu, kuma duka a kan aibin sauti.

Darakta ya zo da safe ya tsaya a bakin ƙofa, ko zama bai yi ba.

"Ƙarfe huɗu za a mayar musu. In suka sake dawo da shi, wallahi ba ni da bakin kare ka. Mai shirin ya riga ya fara magana da wasu."

Matsalar a fitowa ɗaya take, inda jarumi yake roƙon matarsa gafara a falo. Ranar ɗauka wani babur ya bi ta layin ya taka masa jimla huɗu, sai aka sake ɗaukar jimlolin a ɗakin haɗa sauti, inda bango ya sha soso. Muryar ta fito tas, tas ɗin ne ma ya ɓata ta. Kowane ɗaki yana da irin shirunsa, ɗan gunjin da kunne ba ya lura da shi sai an ɗauke. Duk sanda jimlar gyara ta shigo sai falon ya ɓace, kamar an toshe wa mai kallo kunne da yatsa, sannan a saki. Maganin ko ɗan koyo ya san shi: kafin a naɗe kaya, a sa kowa ya yi tsit a ɗauki shirun ɗakin na minti ɗaya, a shimfiɗa shi a ƙarƙashin gyaran.

Kunnuwa bai ɗauka ba. Falon na surukarsa ne, shi da bakinsa ya kai 'yan fim ɗin can, kuma daidai lokacin da ya ɗaga hannu zai ce a yi shiru ta leƙo tana tambayar yaushe za su tafi. Mutumin da yake tsawata wa manyan jarumai ya dubi uwar matarsa ya ce, "Yanzu ma, Mama." Ya naɗe wayoyinsa sumui-sumui.

Ƙarfe sha ɗaya ya isa gidan da makirufo da na'urar ɗauka da kwamfuta a jaka. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya gaida Baba da ke kishingiɗe da jarida, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Shiru?" in ji Mama. "Ka baro wurin aiki, ka ƙona mai, ka zo ɗaukar shiru? Can garin naku ya ƙare ne?"

"Na nan ne ake buƙata, Mama. Minti ɗaya kawai."

"Malam, ka ji abin da mijin 'yarka yake yi a ba shi albashi."

Baba ya juya shafi.

Ya kafa makirufo a tsakiyar falo, ya sa abin kunne, ya danna. A daƙiƙa ta tara Mama ta ce, "An fara?" Ya goge. A karo na biyu sun kai sha bakwai ta raɗa wa Baba ya daina motsa jarida, raɗar da za a ji daga bakin titi. A na uku wayarta ta yi ƙara, ta ɗauka ta shaida wa ƙanwarta ba za ta iya magana ba yanzu, ana ɗaukar shiru, ta kuma yi mata bayanin abin har na minti shida. Kunnuwa yana murmushin ladabi, zufa na bin bayansa.

"Mama, in da hali..."

"Na gane. Ni ce nake ɓata maka. Shiru kake so, ko? Za ka samu."

Ta miƙe da zuciya. Ta kashe fanka, ta zare wayar firij, ta hau kujera ta cire batirin agogon bango, ta kori Baba waje da jaridarsa. Sannan ta zauna ta harɗe hannu ta kama bakinta gam. Minti ɗaya cif, ko ƙiftawar kirki ba ta yi ba. A tarihin gidan ba a taɓa yin haka ba, kuma kaico, aikin banza ne. Da ya ɗora shi a ƙarƙashin fitowar sai ya fi na da muni, don wannan ba shirun falon ba ne, shirun wani falo ne da mutanensa suka ƙaura.

"Mama, a yi haƙuri. A mayar da komai yadda yake."

Ta watsa masa harara. Aka kunna fanka, ya gyara ta zuwa lamba biyu don haka take a ranar. Aka mayar da firij, aka jira ya fara gurnaninsa. Agogo ya ci gaba. Baba ya dawo. Aka sake ɗauka, ya saurara, ya saurari tsohuwar ɗauka, ya dafe kai. An kusa, amma akwai wani ɗan gunji can ƙasa a tsohuwar da babu shi a sabuwar. Wani zai ce ya wuce, amma mutumin gidan talabijin da ke duba sauti shi ma da kunnensa yake cin abinci.

Ƙarfe ɗaya ta gota. Ya zagaya bayan gida ya kara kunne a bututun ruwa. Ya roƙi maƙwabci ya tayar da janareta ana tsaka da wuta, mutumin ya tayar yana kallonsa da tausayi. Ba shi ba ne. Ya dawo ya yanko ɗan gurbi tsakanin maganar jarumi da ta matarsa, ya rage ƙarar fanka da firij, ya ɗaga abin da ya saura. Yana hawa yana sauka, yana ɗan tsayawa ya sake tashi. Inji ba ya tsayawa shan iska.

Baba ya miƙo hannu ya karɓi abin kunnen. Daƙiƙa uku bai yi ba fuskarsa ta washe.

"Ai wannan uwar matarka ce. Daga kicin, ƙofa a rufe. Shekara arba'in ina jin wannan, ko ana ruwan sama zan gane shi."

Ashe duk tsawon ranar ɗaukar tana ciki tana mitar mutanen fim, mitar ta ratso ƙofa ta zama wani sashe na falon. Kunnuwa ya dubi agogo, ya dubi surukarsa da ke zaune ta yi kicin-kicin, har yanzu tana riƙe da shirun da ya roƙa. Ya gwammace a ce ya kama kunama da hannu. Amma ya tuna ƙarfe huɗu, ya sake durƙusawa.

"Mama, wata alfarmar ce. Ranar nan kina kicin kina ɗan... magana ke kaɗai. Ita ce ta rage. Da za ki shiga ki ɗan taɓa yi."

"Magana ni kaɗai. Wato na zare."

"A'a, Mama, ba haka ba..."

"Mita yake nufi," in ji Baba daga bayan jarida.

"Mita! Ni ce mai mita? Ni? A gidana, a kan kujerata, yaron da na ba 'ya? To ba zan yi ba. Ko kalma ɗaya ba za ka samu ba!"

Ta tashi fuu ta shige kicin ta bugo ƙofa. Kunnuwa ya tsaya a durƙushe, yana ganin aikinsa ya bi ta ƙofar nan. Sai ga gunjin nan ya taso daga ciki, a hankali, yana hawa yana sauka. Da babban yatsan ƙafa Baba ya nuna masa na'urar. Ya danna. Ya nemi minti ɗaya, ya samu sha ɗaya.

Ƙarfe uku saura ya koma ɗakin haɗa sauti. Yana shimfiɗawa jimloli huɗun suka zauna daram, ko shi da ya yi ɗinkin ya kasa gano bakin zaren. Saura ya zaɓi yankin da babu ƙarar cokali, kuma dole ya tabbatar babu kalmar da za ta fito fili a talabijin ɗin jama'a. Ya ɗaga muryar sosai ya bi ta daga farko.

Ya sha faɗa. An taɓo ƙeyarsa, an taɓo motarsa, an taɓo ranar da ya zo neman aure da rigar da ta yi masa yawa. Ya riƙa gyaɗa kai, don yawanci gaskiya ne. Wajen minti na takwas muryar ta sauka.

"...ga shi duk ya rame, wuya kamar na kwalba. Tun safe bai sa komai a ciki ba. Ya Allah, in wannan shirmen ne abincinsa, ka tsare masa shi. Kada su kore shi. Yaron ba shi da mugunta, wauta ce kawai."

Ya mayar baya ya sake ji, sannan ya cire abin kunnen ya ajiye. Shekara bakwai yana auren 'yarta bai taɓa jin ta yabe shi ba, kuma ya san a gabansa ba za ta taɓa yi ba. Wurin ya yanka, babu cokali babu tukunya. Ya yi ta jan muryar ƙasa har kalmomin suka narke suka koma gunjin ɗaki, ya shimfiɗa a ƙarƙashin jarumi, ya tura ƙarfe huɗu saura minti goma.

Biyar da kwata Darakta ya bugo. "Sun karɓa. Mutumin nasu ya ce me ka yi wa falon nan, kamar mutum yana ciki. Gobe ka fara kashi na goma."

Ya kira Mama don ya ba da haƙuri. Bugu ɗaya ta ɗauka, ko sallamarsa ba ta bari ya ƙarasa ba.

"Sun karɓa?"

"Sun karɓa, Mama."

"To. Ni dama ban sa abin a raina ba."

Ta sauke wayar daga kunne tana laluben wurin kashewa. Kafin ta samu, ya ji ta saki wata doguwar ajiyar zuciya, ta ce alhamdu lillahi a hankali.