Shanu Masu Tsagaggen Kunne

Wanda ya cuce mu da farar riga ya zo, har da tabarau, ya ce sunansa Mushe Idi, wato Malam Idi a bakin masu Faransanci, wai sabuwar gwamnati ce ta aiko shi ya yi wa shanu allurar bushiya, ciwon nan da ke share garke. Kowane gida a rugarmu ta bayan Ɗan Kassari ya ba shi rago. Ni ma na ba shi, domin shanun da mijina ya mutu ya bar wa yara su ne abincinmu. Ya soka musu allura, ya tsaga wa kowace kunne, ya ƙara gaba.

Da wata ya kama sai ga masu allurar gaskiya a mota, kuma kyauta suke yi. Babbansu, wani Laurent, ya dubi kunnuwan ya ce wannan tsagar ba tasu ba ce, wataƙila ruwa ɓarawon ya ɗura musu. Amma umarni gare shi, saniya mai tsagaggen kunne ba ya taɓa ta. Sai dai mu je Dogon Dutsi mu kai ƙara wurin jandarma, su haɗa mu da likitan dabbobi ya ba da izini.

Nan fa mazan rugar suka zama kurame. Ardo Umaru, shugabanmu, ya ce kada wanda ya je. In ka kai ƙara sai an ga shanunka, in an gan su kuwa jangali ya hau kanka. Ga kunya, a ji wai an yi wa makiyayi wayo a kan saniya. Maza ke nan, ga rawani ga sanda, amma bakin ƙofar biro, ofishin hukuma, ya gagare su!

Na ce, "Baffa, a ci ni jangalin. Gawar saniya ai ba ta nono."

Ya ce, "Ramatu, mace ba ta kai ƙara."

Na kora shanuna na kama hanya, tsoro fal cikina, amma haushi ya fi shi yawa. Jandarman da na tarar ya tambaye ni kamannin mutumin, ranar da ya zo, da abin da ya karɓa. Na zayyana masa har gibin haƙorinsa. Da ya ce ina shaiduna, na ce ya leƙa waje, ga su can suna cin ciyawar babbansu kumandan. Likita ya zo ya duba, aka yi musu allura, aka tsaga ɗaya kunnen, aka kuma ɗora mini jangalin da ake tsoro. Na dawo gida ana ta yi mini dariya.

Ba a jima ba bushiya ta shigo. Shanuna na kiwo lafiya, na maƙwabta na hawaye suna zawo suna faɗuwa. Wallahi ban yi murna ba, kuka na yi, don na san kowace saniya a rugar nan da sunanta.

Wata rana da hantsi Ardo Umaru ya zo bukkata, ya tsaya daga nesa, bai iya kallona ba.

Ya ce, "Ramatu, in an je Dutsin, wace ƙofa ake shiga?"

Na kwatanta masa. A lokacin saniya ɗaya ta rage masa a tsaye.