Ranar da Dikin Tarver Ya Faɗi a Coci

Ana tsakiyar waƙa ta uku, ganga ta ɗau zafi, fasto ya riga ya jiƙa hankici biyu da gumi, sai Dikin Cleophus Tarver ya saki littafin waƙoƙi ya sulale daga kan benci kamar an zare masa ƙashin baya.

Ba wanda ya tsorata. A cocin nan faɗuwa ba labari ba ce, duk Lahadi sai Ruhu Mai Tsarki ya kwantar da mutum biyu ko uku. Wanda ya faɗin ne ya sa aka juyo. Shekara arba'in da ɗaya Cleophus yana dikin, dattijon da ke taimaka wa fasto, tafi ma sai ya ga dama yake yi.

"Yau ta kai kan Tarver," in ji wata a layin mawaƙa. Aka ce amin, mai ganga ya ƙara wuta.

Nas-nas ɗin coci suka taso su huɗu, fararen riguna, fararen huluna, farin takalmi. Ba wadda ta taɓa riƙe allura a cikinsu. Aikinsu fifita, da ruwan sanyi, da alawar minti, da rufa wa matar da ta faɗi zane a ƙafa. Shugabarsu Mama Ozella Pruitt, shekararta saba'in da tara, ita ta fara isa, ta hau fifita shi tana kiran sunan Yesu.

Roderick, ɗan Cleophus, yana bencin baya, don ya makara a hanya daga Birmingham, babban garin nan na jiharsu ta Alabama inda yake aiki. Shi kam nas ne na gaske, shekara goma sha huɗu yana jinyar waɗanda ke tsakanin rai da mutuwa. Su arba'in da shida ne a sashensu, shi kaɗai ne baƙin namiji, shi ya sa in an kawo ƙato mai nauyi ko mashayi mai dambe, sunansa ake fara tunawa. Uban kuwa in an tambaye shi sai ya ce yaron yana aiki a asibiti, ya ja baki ya tsuke. Wasu suna zaton likita ne, wasu direban motar asibiti. Cleophus bai taɓa gyara wa kowa ba.

Ta tsakanin fararen rigunan nan Roderick ya hango fuskar uban. Bakin ya zube ta dama.

Ya tsallake benci biyu, ya take wa wani jaka.

"Ja da baya, Roddy," in ji Mama Ozella, ta tare shi da mafici. "Ba a taɓa mutum in Ruhu na kansa."

"Mama Ozella, Ruhu ba ya karkata baki gefe ɗaya."

"Kai ka san abin da Ruhu ke yi? Ni na share maka majina a bencin can."

"Na gode. Matsa min kaɗan."

Ya durƙusa. "Baba, ɗaga min hannu biyu." Na hagu ya tashi, na dama ya taso rabi ya koma kamar jiƙaƙƙen tsumma. "Faɗi sunanka." Abin da ya fito ba suna ba ne. Roderick ya dubi agogo, sha biyu saura ashirin, ya zaro biro daga aljihun uban ya rubuta lokacin a bayan hannunsa. Sannan ya miƙe ya ce wa mai ganga ya tsaya. Bai ɗaga murya ba, amma gangar ta mutu.

"Ɓarin jikinsa ne ke shanyewa. Akwai allurar da ke iya dawo da shi, amma awoyi kaɗan gare ta. Wa ke da mota kusa da ƙofa?"

Asibitin garin shekara shida ke nan da rufe shi, yanzu kayan gini ake ajiyewa a ciki. Motar asibiti in an kira ta sai ta yi kusan awa kafin ta iso, kowa ya sani, ba a tsaya gardama ba. Mama Ozella ta dubi bakin Cleophus da kyau, ta naɗe maficinta, ta ciro makullin mota daga rigar mama.

Motarta tsohuwa ce mai faɗin kwalekwale, kanta ma da kyar yake leƙo sitiyari, amma ƙafarta nauyi gare ta. Roderick yana baya ya tallafe kan uban, yana waya da asibitin gunduma yana faɗa musu abin da ke tafe.

"Gi... da," in ji Cleophus.

"Ba gida za mu ba, Baba."

"Tafar... nuwa."

"Ka ji ko?" Mama Ozella ta ce, tana wuce wata motar katako kamar tana tsaye. "Tafarnuwa da ruwan tsami, shi ne maganin hawan jininsa. Ƙwayoyin da kake aiko masa suna nan cikin gwangwanin kofi, ya tara su kamar irin shuka."

"Kin sani ba ki faɗa min ba?"

"Ni nas ce, ba 'yar rahoto ba."

A ƙofar asibiti matar da ke karɓar mutane ta ga farar riga da hula, sai ta nufi Mama Ozella da takarda. "Ke kike kula da shi? Yaushe abin ya fara?"

Roderick ya soma bayani, mai gadi ya matso ya dafa masa kafaɗa. "Ɗan'uwa, zauna can ka huce, bar masu aikin su yi magana."

"Ɗan nan, ni alawa nake rabawa," in ji Mama Ozella. "Ga nas ɗin nan ka dafe."

Roderick bai ko dubi mai gadin ba. Irin wannan dafawar ya san ta, kafaɗarsa ta yi kanta. Ya miƙa bayan hannunsa inda ya rubuta lokaci, ya jero shekarun uban, da ɓarin da ya mutu, da maganin da bai sha ba. Kafin ya gama an turo gado.

Aka ɗauki hoton kai. Likitar, wata baturiya da ba ta kai Roderick shekaru ba, ta fito da sauri ta ce jini ne ya daskare ya toshe jijiya, allurar za ta yi, amma sai mai jiki ya yarda. Harshen Cleophus ya yi nauyi, hankalinsa kuwa garau. Ya dubi likitar, ya dubi yarinyar da ke riƙe da tiren allura, ita ma fara, ya janye hannun hagunsa ya cusa ƙarƙashin bargo.

"A'a."

Ba wanda ya girma a wannan yanki na Alabama da zai tambayi dalili. Kawun Cleophus, Lucius, likitocin gwamnati sun yi shekaru suna ɗibar jininsa suna rubutu a takarda, suna ce masa magani suke ba shi, ashe kallon ciwon suke su ga yadda yake cin mutum. Cleophus yana ɗan shekara goma sha biyu ya riƙa jan makahon kawun nan zuwa bayi. Tun daga nan allura ba ta sake shiga jikinsa ba.

"Malam Tarver, duk mintin da ya wuce wani abu ake rasawa," in ji likitar.

Cleophus ya karkato ido wajen ɗansa. "Kai... yi."

"Ba zan iya ba, Baba. Ba asibitinmu ba ne, ba ni da izinin taɓa allura a nan."

"Nemo... namu. Namiji."

Likitar ta dubi yarinyar, yarinyar ta dubi tire. Akwai baƙar mace guda a cikin nas-nas ɗinsu, yau tana hutu. Namiji kuwa akwai mai tura gado, akwai mai gadi, akwai wani a kicin. Nan lissafin ya tsaya.

"Babu, Baba," in ji Roderick. "Ko a namu asibitin, in ba na nan, babu."

Ɗaya da kwata ta yi. Roderick ya dubi hannun daman nan kwance a kan bargo, hannun da ya yi shekara talatin yana ɗaga katako a injin yanka, da shi ya koya masa ɗaura ƙugiyar kifi, da shi kuma ya buga tebur ranar da ya ce makarantar jinya za shi. Ya san yadda hannu irin wannan ke komawa bayan wata shida. Ya wanke da yawa, ya yanke musu farce.

"Cleophus," in ji Mama Ozella daga bakin labule, "in ka mutu da karkataccen baki ni zan tsaya a kan akwatinka da farar rigata, kuma duk wanda ya zo sai na faɗa masa tsoron allura ne."

Tsohon ya yi wani gurnani da ba sai an fassara ba.

Roderick ya ce wa yarinyar, "Ara min kwalbar in gani." Ta dubi likita, likita ta gyaɗa kai. Ya ja kujera ya zauna daidai fuskar uban, ya karanta masa sunan maganin, da nauyinsa, da ranar da zai lalace, a hankali kamar mai karanta aya.

"Ba zan ɓoye maka ba. Wasu kaɗan takan sa musu zubar jini a kai, har a rasa su. In ba a yi ba kuma, hannun nan da bakin nan mai yiwuwa sun tafi ke nan. Na sa wa mutane irin wannan da hannuna ya fi sau ɗari."

"Ba... ƙaƙe?"

"Da farare."

"Farare... ma?"

"Kwalba ɗaya, Baba. Har wani alƙali na sa wa."

Cleophus ya daɗe yana kallon kwalbar. Sannan hannun hagu ya fito daga bargo, a hankali, ba wajen yarinyar ya nufa ba, gwiwar ɗansa ya sauka.

Yarinyar ta ɗaure damtsen, ta sunkuya tana leƙe, tana karkata hannun wajen fitila. Fatar tsohon ta yi duhun tsohuwar tukunya, yarinyar ba ta ga jijiya ba, goshinta ya soma gumi.

"Kar ki nema da ido," in ji Roderick a hankali. "Kawo yatsanki." Ya ɗora mata shi a inda jijiyar take. "Kin ji ta? Tana gudu, danne ta ta ƙasa."

Sau ɗaya ta soka ta samu. Cleophus bai ko motsa ba, ya dai damƙe gwiwar nan har sai da Roderick ya cije leɓe.

Maganin ya soma tafiya. Mama Ozella ta fita ta buga waya coci ta ce a ci gaba da addu'a, a kuma ajiye mata cinyar kaza. Likita tana shigowa tana fita. Can wajen biyu da rabi Roderick ya ga babban yatsan hannun daman ya ɗan motsa a kan bargo. Amma ya san da sauran tafiya, ya sha ganin irin wannan ta koma.

Idon tsohon yana kan kwalbar da aka juye, tana nan a kan tire.

"Sake... karanta min."

Roderick ya ɗauko ta, ya fara daga farko.