Fitilun Ranar Litinin

Injiniya ta durƙusa a gefen kujerar direba tana laluben inda ake soka wayar na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, mutum uku kuwa na ta musu a kanta kamar ba ta wurin.

"Ni dai na gama magana," in ji matar da ta kawo motar. Fararen kayan ma'aikatan jinya ne a jikinta, da gani daga aiki ta biyo. "A gyara a miƙo mini makullin. Baba ya gama tuƙi."

"Uwata, ki ji tsoron Allah," in ji mahaifinta, dattijon da ke tsaye kusa da ita yana murza hularsa. "Ni da na tsufa a kan sitiyarin tirela, wannan 'yar motar da ko tari ba ta yi ce za ta gagare ni?"

"To wa ke jefa ta a ramuka? Fitilar birki ta kama, ta ƙafafu ta kama, bayanta ya zauna kamar tsohuwa a kan tabarma. Idanunka sun yi rauni, ba ka son faɗa ne kawai."

Na ukun shi ne kawun Injiniya, mai garejin. Shi ya laƙaba mata sunan tun ranar da ta gama jami'a ta zo ta ce a ba ta aiki, kuma har yau in an kira ta da shi gaban baƙi sai ta sunkuyar da kai. Ya zagaya bayan motar ya danna ta da hannu biyu, ya saki, ya kasa kunne.

"Da irin motocinmu ne na da, da tuni ta gaya mini ciwonta," ya ce. "Waɗannan masu haɗa fetur da batir kuwa surukai ne, ba sa magana a gaban manya. Ina zargin famfon birki. Amma bari mu ji daga bakin Injiniya."

Na'urar ta yi ƙara, ta zubo jerin lambobi. Injiniya ta bi su da yatsa. Birki ya yi kuka, famfon da ke hura iska ya ɗaga bayan motar shi ma ya yi kuka, har sitiyari ya sa baki. Abin ya yi mata yawa. Ba a cika samun gida guda kowa ya kwanta ciwo rana ɗaya ba, sai in abinci ɗaya suka ci. Ta buɗe bayanin kowace lamba, inda motar ke ajiye halin da take ciki a lokacin da ta ji ciwon. Duk abu ɗaya suke faɗa: motar ba ta tafiya, kuma wuta ta yi ƙasa.

Ta ɗaga kai za ta yi magana, ta ga ido shida a kanta, maganar ta koma ciki. Sai ta shiga ta zauna a kujerar direba don ta samu abin yi.

Kujerar ta kwanta baya fiye da yadda mai tuƙi zai so. Akwai ɗan matashin kai da aka cusa tsakanin kujeru, da fulas ɗin shayi a aljihun ƙofa. Ta danna maɓallin tayarwa ba tare da ta taka birki ba, yadda rediyo da fanka kawai za su kama. Nan take wata murya ta fashe a cikin motar: "…ya yanke na farko, ya yanke na biyu, ya buga…"

Ta murɗe muryar da sauri. Ma'aikaciyar jinyar tana can gefe tana amsa waya, ba ta ji ba. Dattijon kuwa ya ji. Ya dubi Injiniya, ya ɗora yatsa a leɓe, idanunsa na roƙo.

Ta fito ta buɗe but ɗin kaya a bayan motar, ta ɗaga shimfiɗar, ta ɗora ma'auni a kan ƙaramin batirin da ke ɓoye a lungu. Ya yi sanyi sosai. Dattijon ya matso kamar mai son taya ta riƙe murfi.

"'Yata," ya ce ƙasa-ƙasa, "hawan jini gare ni. Ta hana ni kallon ƙwallo, ta hana ni ji. Ta ce ƙungiyata ce za ta kashe ni, kuma wallahi da gaskiyarta, 'yan bayanmu ba su da amana. To sai in ce zan je in duba mota."

"Baba, ba ka tayar da ita in ka zauna?"

"In ƙona mai a banza? Rabin makulli nake yi mata, yadda muke yi a tirela in muna jiran lodi. Ai an ce batirinta ya kai katifa girma."

Injiniya ta danne dariya. "Babban na tafiya ne. Rediyo da birki da famfon iska duk wannan ƙaramin suke sha. Shi kuma ba ya samun caji sai an tayar da motar, koriyar fitilar gaban direba ta kama."

Dattijon ya dubi ƙaramin batirin kamar wanda ya gano ɗan da ya daɗe yana zalunta.

"Kar ki faɗa mata."

"In ban faɗa ba, za ta ce ramuka ne. Ta karɓe makullin."

Kafin ya amsa, 'yar tasa ta dawo tana jefa waya a jaka. "Yaya dai, ƙanwata? Me ya fasa?"

Injiniya ta kafa ido a kan na'urar, don ta fi sauƙin kallo.

"Yaya, ba abin da ya fashe. Birkin lafiya lau, ƙafafun ma haka. Ƙaramin batir ne ya yi sanyi, shi ya sa duk suka yi kuka tare. Kuma…" ta nuna lambobin da yatsa. "Duk lokacin da abin ya faru, motar a tsaye take. Ba a kan hanya ba ne. Ba tuƙin Baba ba ne."

"A tsaye? Me ke cinye batir mota na tsaye?"

Kawu, wanda ya jingina da wata mota yana goge hannu da tsumma, ya tambaya, "Wai wace rana fitilun suka fi kamawa?"

"Litinin da safe," in ji matar. "Kullum Litinin. Wani sa'in kuma Alhamis."

Kawu ya daina goge hannun. Ya dubi silin, leɓunansa na motsi. Asabar da Lahadi, sai kuma daren Laraba, ranakun ƙwallo ke nan. Ya dubi dattijon, fuskarsa ta washe kamar wanda ya haɗu da ɗan garinsu a tasha.

"Allah sarki," ya ce. "Ai makon jiya ma sai da aka yi ƙarin lokaci."

"Da bugun fanareti," in ji dattijon, kafin ya kama bakinsa.

Matar ta dubi mahaifinta, ta leƙa cikin motar, ta ga matashin, ta ga fulas. Ta zaro fulas ɗin ta jijjiga shi.

"Baba! Wannan fulas ɗin har mai aiki na zarga a kansa!"

Dattijon ya gyara tsayuwa, ya mayar da hularsa ka. "To na ji. Ƙwallo nake ji. Gara a ce na saci jin ƙwallo da a ce ban iya tuƙi ba. Ki tambayi yarinyar nan, ko sau ɗaya na taɓa jefa ta a rami?"

Duk suka juyo. Wannan karon Injiniya ba ta sunkuyar da kai ba.

"Na leƙa ƙarƙashinta tun da kuka shigo. Ko ƙwarzane babu. Tayoyin ma sun ci daidai, kamar an auna."

"Kin ji ko?" Dattijon ya buga ƙirji. "Kamar an auna!"

Matar ta so ta ci gaba da ɗaure fuska, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace mata har ta dafa motar. "Ni ina can ina auna maka jini ina murna ya sauka, ashe kai kana cikin mota kana yi wa alƙalin wasa ihu."

"Ba na ihu. Gilashi a rufe yake."

Injiniya ta sauya batirin, ta goge lambobin, ta taka birki ta danna maɓalli. Koriyar fitila ta kama. Famfon iska ya yi gurnani kaɗan, bayan motar ya miƙe a hankali kamar wanda ya tashi daga barci. Fitilu ja da ruwan ɗorawa duk suka mutu. Ta nuna wa dattijon koriyar.

"In za ka zauna a ciki, sai wannan ta kama. Kuma a fili, ba a rufaffen wuri ba, don injin kan tashi da kansa."

"Ba zai ƙara zama a ciki ba," in ji 'yarsa. Makullin na hannunta. Ta juya shi, ta sake juya shi, dattijon na bin sa da ido. Sai ta zagaya ta buɗe ƙofar fasinja ta zauna, ta miƙa masa ta taga.

"A falo za ka riƙa ji, abin awon jini na ɗaure a hannunka. Ya haura, in kashe."

Dattijon ya ɗaga kujerarsa, ya gyara madubi, ya ja motar ba ko ƙara. Sun kusa bakin ƙofar gareji ke nan Injiniya ta ga hannun matar ya miƙa wajen rediyo. Muryar mai sharhi ta fito ta taga, ƙasa-ƙasa.

Kawu ya bi su da gudu, tsumma a kafaɗa. "Baba! Tsaya mana! Nawa da nawa?"