Ƙanƙarar Bayan Gidan Orest

Motar Jolene ta wuce ƙofar gidan ubanta da taku ashirin kafin ta tsaya. Arlo Friesen yana tsaye a tagar kicin da kofi a hannu, yana kallo. Ya ga ta fito, ta ja hular ulu ta rufe kunnuwa, ta hau matakalar gidan Orest Dubyk, ta shige ba ko ƙwanƙwasawa. Ko waiwaye ba ta yi ba. Awa huɗu ta yi tana tuƙi daga Saskatoon cikin dusar ƙanƙara, ga miyar da ya ɗora mata tun safe tana ta tafasa a bayansa.

Ba wai bai san halin da ake ciki ba ne. Kowa a layin ya san an sallamo Orest daga asibitin Yorkton ne don ya ƙarasa a gadonsa, huhun ya gama. Amma leƙowa a ce Baba na iso, minti nawa zai ci? Ya kashe murhu, ya zauna, ya sake tashi ya koma taga.

Tagar nan ta sha kallo, ku bar ganinta haka. Shekara talatin da ɗaya Arlo ya yi yana horar da 'yan ƙwallon kwando a makarantar garin, ya ciyo kofin lardi har sau biyu, kuma a duk biyun bai fi mutum arba'in ya tarar suna jiran motarsu ba, rabi ma iyayen yaran ne. Shi kuwa Orest, gajere, makanikin taraktoci, haƙoran gaba huɗu duk sun tafi a kan ƙanƙara, bai taɓa cin kofin komai ba. Abin da ya iya kawai, duk hunturu ya kafa katakai a bayan gidansa, ya zuba ruwa ya daskare, yaran unguwa su zo su yi hoki, wasan da ake zamiya a kan ƙanƙara ana buga 'yar roba da sanda. Amma idan ya shiga shagon shan kofi sai ka ce magajin gari ne ya shigo.

Wannan duk Arlo zai iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne Jolene. 'Ya ɗaya tilo, doguwa kamar shi, hannu kamar faranti, yarinyar da aka halitta don kwando. Tana shekara bakwai ya kafa mata ƙarfen kwando a jikin gareji, a wannan hunturun kuma ta haura shinge ta faɗa bayan gidan Orest, aka ɗaura mata takalmin zamiya mai wuƙa a ƙasa, shi ke nan. Yau shekararta arba'in da ɗaya, ita ke horar da 'yan matan hoki a birni. Kuma har gobe idan ta ce "Koci" a gabansa, ba da shi take ba.

Su biyun ba su taɓa daina magana ba, musu dai ne abincinsu. Ta kan shinge Arlo zai ce wane irin wasa ne mutum zai zauna awa biyu cikin sanyi don ya ga an ci sau biyu, su ma bai gani ba saboda ƙanƙantar robar, sannan in an gaji a tuɓe safar hannu a hau dambe alƙali yana kallo. Orest zai kwashe da dariya giɓi a waje, ya ce ya fi dai a tara ƙarti goma cikin gajeren wando, kana shafar mutum ya zube ƙasa yana neman a hura masa usur, minti biyun ƙarshe kuma sai ka je ka yi aski ka dawo ba a gama ba. Arlo ya ce nasa wasan ƙwallo ɗaya da takalmi ya ishi ɗan talaka. Orest ya ce nasa wasan ba a tsayar da shi don wani ya gaji, da gudu ake fita, da gudu ake shiga. Haka suke tun matar Arlo tana da rai, tana leƙowa ta ce su shigo kafin haƙoran Orest da suka rage su daskare.

Sai bayan azahar Jolene ta shigo. Ta rungume shi, rigarta tana warin maganin asibiti da soyayyar albasar Halia, matar Orest. Ya ce akwai miya. Ta ce ta ci firogi, ƙullun fulawar nan mai dankali a ciki, a can, Inna Halia ba ta bari. Sannan ta ce Koci yana son ganinsa.

"Wane kocin?" in ji Arlo.

"Baba, don Allah. Ba yau ba."

Ya ɗauki kwat ɗinsa.

An sauko da gadon Orest falo, an kara shi da tagar da ke kallon bayan gida. Mutumin ya koma kamar yaro a cikin bargo, da 'yar robar iska a hanci. Ta tagar ana hango katakan da ya kafa tun kaka kafin ciwo ya kayar da shi, tsakiyarsu cike da dusar ƙanƙara har gwiwa.

"Dogo," in ji Orest, muryar kamar ana goga takarda. "Sunkuya, kada ka fasa mana fitila."

"Giɓi. Na ji an ce ka daina aiki."

"An hura mini usur. Irin naku." Ya yi tari mai tsawo, Halia ta gyara masa matashi. Da ya samu numfashi sai ya nuna taga da haɓa, ya ce yana son a zuba masa ƙanƙarar bana, ya ga yarinyar nan ta zagaya ko sau ɗaya ne.

Arlo ya ce ga ta nan, ai ɗalibarsa ce, ta zuba. Orest ya girgiza kai, ya ce Jolene ba ta da haƙuri, ambaliya take yi, ruwan ya daskare a sama ya bar rami a ƙasa. 

"Ni ban san kan abin nan ba," in ji Arlo.

"Ƙarya kake. Shekara talatin kana leƙena ta tagar kicin. Ko Halia ba ta kalle ni haka ba."

Halia ta yi dariya har da share ido. Arlo ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya fita bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba.

Washegari da hantsi sai ga shi da shebur. Ya kwashe dusar, ya tattake wadda ta rage har ta kwanta. Ya shiga ɗakin ƙasa na gidan Orest ya tsaya gaban famfo biyu, kuma hannunsa da kansa ya ɗaura tiyo a na ruwan zafi. Baƙo zai ce hauka ne a zuba ruwan zafi don a samu ƙanƙara, amma shi ne yake narkar da ƙurajen saman, ya cike tsaga, ya kwanta sumul. Ba wanda ya taɓa faɗa wa Arlo haka. Ya dai san tururin nan da ke tashi a bayan shinge duk Disamba, ya san yadda Orest ke tafiya da baya, yana jan tsohon tawul a bakin bututu, shafi ɗaya siriri, a jira, a sake. Ya san a naɗe tiyo a mayar cikin gida kafin ya sandare. Haushi ya kama shi da ya ga ashe babu abin da bai sani ba.

Kwana huɗu yana wannan aiki, shafi a kan shafi, gwiwoyinsa suna ƙara. Duk sanda ya ɗaga kai sai ya hango su ta gilashi, Jolene a bakin gado tana ba Orest ruwa a cokali, tana goge masa baki, wani lokaci tana dariya da dukan jikinta. Lokacin da aka yi wa Arlo aikin gwiwa bara, waya ta bugo sau biyu ta aiko da furanni. Sai ya mayar da kai ƙasa ya ƙara jan tawul. In dai don wani za ta hau ƙanƙarar nan, to sai ta hau wadda ta fi duk wadda wancan ya taɓa yi.

Rana ta biyar, wajen ƙarfe uku, Jolene ta ɗaura takalma ta hau. Arlo ya tsaya a gefen katako cikin manyan takalman but ɗinsa. Rabon da ya tsaya ya kalle ta a kan ƙanƙara tun tana makaranta, shi ma daga kujerar baya, yana duba agogo. Ta zagaya a hankali, ta ƙara gudu, ta juya da baya ba tare da ta duba ba, wuƙaƙen suna wani sauti kamar ana yanka yadi. Tsawon nan da ya yi shekaru yana cewa an yi asararsa, ga shi yana aiki. Da ta tsaya sai ta ɗaga hannu, ba wajensa ba, wajen taga.

Halia ta buɗe ƙofa kaɗan ta ce Orest ya ce a gaya wa Dogo akwai tudu a kusurwar hagu.

"Ki ce masa ya fito ya gyara," in ji Arlo.

Babu tudu. Ya je ya duba da tafin hannunsa.

Orest ya cika washegari da rana tsaka, Halia riƙe da hannu ɗaya, Jolene riƙe da ɗayan. Arlo yana gida yana wanke tukunya, sai ya ga an ja labulen falon.

Kafin la'asar labari ya zagaye gari, mutane suka fara abin da ake yi wa ɗan hoki idan ya tafi: kowane gida a fito da sandar hoki a jingine a bakin ƙofa. Arlo ya tsaya a barandarsa yana kallon layin, sanda a gidan Lindgren, uku a gidan Morin, har gidan tsohuwar da ba ta fita an samo mata wata. Ya yi tunanin ranar da shi ma zai tafi. Ba wanda ke ajiye ƙwallo a ƙofa, iska ma ba za ta bar ta ba.

Sai ga Jolene ta fito daga garejin Orest, inda kayan wasanta suke tun tana ƙarama, riƙe da wata 'yar gajeriyar sanda da baƙin tef ya tsufa a jikinta. Idanunta sun kumbura. Ta tsaya a kan hanya tsakanin gidajen biyu. Arlo ya kawar da kai, don ya riga ya san inda za ta. Sai ya ji takunta a kan matakalarsa.

"Ba can za ki kai ba?" ya ce.

"A ƙofar gidansu mutum yake ajiyewa, Baba."

Ta jingine ta kusa da shebur, ta tambaya ko da sauran miya, ta shige ciki. Arlo ya daɗe a tsaye yana duban abin. Sandar Orest ce, shi ya yanke ta daidai tsawon yarinya, shi ya naɗa tef ɗin, kuma ga ta a ƙofar Friesen kowa zai wuce ya gani. Iska ta taso ta fara zame ta a jikin bango. Ya sa ƙafa ya tare, ya miƙar da ita, ya tura gindinta cikin dusa don ta tsaya.